Yawon tsibiran Zanzibar a jirgin ruwa: wace rana, wane jirgi, da me ake shiga ruwa?

Alhaji Sabo Mai Riɗi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Harkar riɗi za ta kai ni Tanzaniya wata mai kamawa, kuma ina so in tsallaka Zanzibar da uwargida da yara biyu, mai shekara 12 da mai 7. An ce akwai yawon yini guda a jirgin ruwa, daga wannan tsibiri zuwa wancan, a leƙa kifaye a cikin teku, a ci abinci a kan yashi. Masu sani ku ba ni haske. Ina ake tashi, me ake tanada, kuma tsibiri nawa ake iya zagawa kafin magariba?

Nura Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Daga Darussalam jirgi mai gudu kan kai Zanzibar cikin awa biyu ko ƙasa kaɗan. Amma yawon da ake faɗa maka iri-iri ne, kowanne da inda ake tashi. Mafi sauƙi ana tashi ne daga bakin tsohon gari, Stone Town, zuwa tsibirin Changuu, tafiyar minti 20 zuwa 30. A can akwai ginin gidan yari na 1893 wanda ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cutar shawara. Akwai kuma manya-manyan kunkuru, asalinsu guda huɗu ne da aka kawo kyauta daga Seychelles a 1919. Daga nan a wuce Nakupenda, wani tudun farin yashi a tsakiyar teku, babu bishiya ko ɗaya, rumfa ake kafawa.

Na biyu, a shiga mota kamar minti 40 zuwa ƙauyen Fumba a kudu maso yamma, a hau jirgin katako a shiga yankin Menai, wanda aka keɓe don kare halittun ruwa tun 1997. Ana tsayawa a tudun yashi, a yi iyo a kan duwatsun murjani, wato halittun nan masu kama da dutse da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, a ci abincin rana a tsibirin Kwale. Yara za su so wurin, don akwai wata tsohuwar kuka da ta faɗi amma ba ta mutu ba, ana hawa jikinta. Na uku shi ne Mnemba a arewa maso gabas. Ruwansa ya fi haske, amma tsibirin na masu otal ne, ba a sauka a kai, daga cikin jirgi ake dirowa ruwa mai zurfi. Da yaro ɗan shekara 7 ban ba ka shawarar Mnemba ba.

Rabi'u Direba: Yaya Nura, ai in Alhaji ya ɗauki shatar jirgi mai injin kirki, zai haɗa Changuu da Nakupenda da Kwale duk a yini ɗaya. Wanda ya biya kuɗin jirgin sama tun daga Kano bai kamata ya dawo da tsibiri biyu kawai ba.

Nura Injiniya: Rabi'u, inji ba shi ke da ikon ranar ba, cikar teku da janyewarta ke da shi. Ka tsaya in warware, don a nan ne yawancin baƙi ke yin asara.

Tekun Zanzibar na cika sau biyu, ya janye sau biyu a kowace rana. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 a kan na jiya. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin 14 zuwa 16 ga wata, bambancin cika da janyewa kan kai kusan mita huɗu. A kwanakin 7 da 22 ga wata kuwa bambancin kaɗan ne. Nakupenda da tudun yashin Menai sai ruwa ya janye suke fitowa sosai. In ya cika, su shige ƙarƙashinsa ko su rage ɗan tsiri. To jirgin da ya ɓata hantsi yana gudu tsakanin wurare uku zai isa tudun yashi ruwa ya riga ya fara cinye shi.

Wani abu kuma: ruwan ba daidai wa daida yake hawa ba. In ka raba hawansa kashi 12, awa ta farko kashi 1 yake hawa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Wato a ranar babbar cika, cikin awa ta uku kaɗai yana iya hawa mita guda. Mutum ya ga ruwa na tafe a hankali ya saki jiki, ya shimfiɗa tabarma da jakunkuna a gefe, kafin ya ankara takalma sun bi ruwa. A awannin nan biyu na tsakiya ne kuma ruwa ya fi ja a mashigin da ke tsakanin tsibirai. Iyo ya fi daɗi da aminci dab da cikar ƙarshe ko janyewar ƙarshe, lokacin da ruwan ya tsaya cik.

Alhaji Sabo Mai Riɗi: To ta yaya zan san ranar da ta dace?

Nura Injiniya: Ka nemi jadawalin cikar teku na Zanzibar a intanet, kyauta ne, kowace rana da lokutanta. Ka zaɓi ranar da janyewar ta faɗo tsakanin ƙarfe 10 na safe da 1 na rana. A can, hakan ya fi faɗowa a kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa, don haka kalandar Musulunci ma za ta yi maka jagora. Sannan ka duba damina. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama mai yawa ake yi, teku ya gurɓace, ba a ganin komai a ƙasa. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu ke kaɗawa, sararin sama garau amma da yamma teku kan yi tsalle. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa ce, ga zafi. Ko wane lokaci ne, safiya ta fi yamma kwanciyar ruwa.

Kawu Ilu Masunci: Salamu alaikum. Nura ya yi maganar ruwa, ni zan yi ta jirgi. Sabo, kafin ka ba da ko sisi, ka je bakin ruwa da ƙafarka ka ga jirgin da za a sa ku, kada ka yarda da hoto a waya. Ka leƙa cikinsa. Jirgin katako ba ya rasa ɗan ruwa a ƙasa, wannan ba komai ba ne, amma in ka ga yaron jirgi na kwalfa tun ba a tashi ba, ka nemi wani. Ka ƙirga rigunan kariya, masu hana mutum nutsewa, da idonka, ka ƙirga mutane. Ka tambayi jarkar man ajiya, da anka da igiyarta, da tsanin hawowa daga ruwa. Tsanin nan mutane ke rainawa, alhali gefen jirgin teku ya fi na kwalekwalenmu tsayi, kuma wanda ya gaji da iyo ba ya iya ɗaga jikinsa ya hau.

Sai lodi. Idan kowa ya zauna, tsakanin bakin jirgi da ruwa ya zama akwai tazara ta sosai, aƙalla kamu guda. Ba mu manta da haɗarin Bagwai a jihar Kano ba, ƙarshen Nuwamban 2021, jirgin da ya taso daga Badau, akasari yara 'yan Islamiyya, aƙalla rai 29. Allah ya jiƙansu. Lodi ne ya yi yawa.

Nura Injiniya: Amin, Kawu. Su ma can sun ga irinta, jirgin Spice Islander da ya nutse tsakanin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, da tsibirin Pemba a Satumban 2011, shi ma lodi ne. Don haka matuƙin kirki a can ba zai ji haushi don ka ƙirga riguna ba.

Rabi'u Direba: Allah ya jiƙansu da rahama. Amma Kawu, maganar riga ai ga wanda bai iya ruwa ba ne. Alhaji a bakin kogin Haɗeja ya tashi. Kuma ruwan gishiri ɗaga mutum yake yi, ba kamar na kogi ba.

Kawu Ilu Masunci: Ɗana, ka taɓa ganin masunci ya shiga ruwa mai zurfi ya bar gorarsa a gaɓa don ya iya iyo? Gora hutu ce, da ita ake yini a ruwa hannu na aiki. Rigar nan ita ce gorar teku. A kogi kana ganin gaɓa dama da hagu, ruwa kuma gefe ɗaya ya nufa, in ka gaji ka bi shi a karkace ka fita. A teku ba gaɓa kusa, kanka na cikin ruwa kana kallon kifi, ba ka san jirgi ya yi maka nisa ba sai ka ɗago. Gwanin iyo ya fi saurin nisa da jirgi, don shi ne ba ya tsoro.

Hajiya Binta Nas: Gaskiyar Kawu ce. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, yana ɗaga jiki kaɗan, amma kurɓa ɗaya in ta shiga maƙogwaro tari ne da shaƙewa, daga nan sai firgici. Ga ɗaurewar jijiyar ƙafa ga wanda bai saba da takalmin iyo mai faɗi kamar ƙafar agwagwa ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya ga likita kafin tafiya, kuma kada ya shiga sai da riga. Batun yara kuma, Alhaji, jirage da yawa rigunan manya kawai suke ajiyewa. Rigar babba a jikin ɗan shekara 7 sulluɓewa take yi ta kai. Ka sayi tasa tun a gari, mai maɗauri ta tsakanin cinyoyi. Gwajinta: ka ɗaure masa, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta haura kunnuwansa, ta yi masa yawa. Kuma yaron da ke nutsewa ba ya ihu, shiru yake yi, don haka kowane yaro da babban da hannunsa zai iya kaiwa gare shi.

Rabi'u Direba: Na karɓa a kan yara da uwargidan Alhaji. A kan Alhaji dai har yanzu ina ganin riga za ta hana shi nutso ya ga ƙasa da kyau.

Nura Injiniya: Za ta hana shi nutso, wannan haka ne. Amma murjanin da ake kai baƙi yana zurfin mita ɗaya zuwa huɗu ne, daga sama ana ganin komai tar. Wanda ranar ce farkonsa ba ya buƙatar nutso. Bari in faɗi kayan da yadda ake sa su, don mafi yawan waɗanda ke fitowa suna cewa ba daɗi, gilashi ne ya ba su wahala.

Kaya uku ne: gilashin fuska mai rufe ido da hanci, bututun numfashi, da takalmin iyo. Wajen zaɓen gilashi, ka ɗora shi a fuska ba tare da ka sa maɗaurin ba, ka ja iska kaɗan ta hanci, ka saki hannu. In ya manne, naka ne. In ya faɗo, canza. Maɗaurin a saman ƙeya yake zama, kuma kada a tamke shi, tamkewa na lanƙwasa robar ta ƙara yoyo. Gashi ko bakin hijabi in ya shiga ƙarƙashin robar, ruwa zai bi ta nan. Mai gashin baki ya shafa ɗan man Vaseline a kan gashin da ke ƙarƙashin hanci. Gemu ba ya hana komai, robar ba ta kai can.

Hazo a gilashi kuwa, ɗigo ɗaya na sabulun wankin kan jarirai a ciki, a murza, a ɗauraye sama-sama. In babu, yawu ma na yi. Sabon gilashi a fara goge cikinsa da man goge baki, a wanke. Numfashi ta baki kawai, a hankali, dogo. In ruwa ya shiga bututu, ka hura da ƙarfi sau ɗaya, sannan jan iska na gaba ya zama a hankali ko da saura. In abin ya rikice, ka juya rigingine, ka cire bututun, ka huta. A fara gwada duk wannan a ruwa iya ƙugu a bakin tudun yashi, minti 10 ko 15, kafin a je mai zurfi. Irin gilashin nan mai rufe fuska gaba ɗaya, musamman mai araha, ku bar shi. Iskar da aka fitar kan taru a ciki ta kawo jiri, kuma cire shi cikin gaggawa da wuya.

Da an shiga, a fara iyo ta inda ruwa ke tahowa, don dawowa jirgi ta zo da sauƙi lokacin da ƙarfi ya ragu. A riƙa ɗago kai kowane minti ɗaya ko biyu. Kada a kusanci bayan jirgi inda farfela take sai an ji inji ya mutu, kuma a lura da sauran jirage masu shigowa.

Malama Hadiza: Ni ta uwargida nake ji. Alhaji, kada ta shiga ruwa da zani ko abaya ko dogon hijabi. Yadi in ya sha ruwa nauyi yake yi, ya naɗe ƙafafu, hijabi kuma ya taso ya rufe fuska da bakin bututu. Akwai kayan iyo na mata masu sutura: wando har idon sawu, riga mai dogon hannu har gwiwa da ake ɗaure ta da wandon don kada ta tashi, da hula mai rufe wuya. Ana samunsu a Kano ma in an nema. Rigar kariya a kai tana ƙara sutura. Ta riƙe busasshen zani da mayafi a jakar da ruwa ba ya shiga, da ta fito ta yafa. Mutanen Zanzibar Musulmi ne akasari, matansu da suturarsu suke shiga ruwa, ba wanda zai kalle ta.

Abin da zan ƙara, jirgin haɗaka da Turawa masu yawon buɗe ido akwai shigar da ba za ku so yara su yini suna gani ba, wani lokaci har da giya. Mutum huɗu, shatar ƙaramin jirgi ta fi, ko da ta ɗan fi tsada.

Kawu Ilu Masunci: Shata ta fi, amma ƙarami kada ya yi ƙanƙanta. Jirgi mai faɗin ciki da rumfa, da mutum biyu aƙalla masu aiki, ɗaya a inji ɗaya idonsa a kan waɗanda ke ruwa.

Hajiya Binta Nas: Sauran abin da ke ɓata yini. Amai: a ci abu mara maiƙo da safe, a sha maganin jirin tafiya minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a hau, in an riga an fara jin tashin zuciya ya makara. A tambayi mai kemis adadin na yara. Citta na taimakawa. A zauna tsakiyar jirgi, ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya. Rana: kada a ce mu 'yan Jigawa mun saba. Mai iyo bayansa da ƙeyarsa da bayan ƙafafunsa ne a sama, ruwa na sanyaya shi bai san yana ƙonewa ba, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa. Riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana mai lamba 30 ko 50, minti 20 kafin shiga, a sake bayan awa biyu. Ruwan sha lita biyu zuwa uku kowane babba.

Ƙafa kuma, a sa takalmin roba mai rufi, don a Fumba in ruwa ya janye sai an taka cikinsa kafin a kai jirgi, kuma akwai bushiyar teku, baƙa mai dogayen ƙayoyi masu karyewa a cikin nama. In ta soki mutum, ko kifi mai dafi ya harbe shi, a tsoma wurin cikin ruwan zafi iya wanda fata za ta jure, kamar digiri 45, minti 30 zuwa 90. A cire ƙayar da ta fito da hantsaki, kada a tona da allura, a je asibiti in tana kusa da gaɓa. In wata halitta mai yauƙi ta yi wa mutum bulala a fata, a wanke da ruwan teku, ban da ruwan sha, ban da murzawa. Murjani yana yanka kamar reza kuma ciwonsa na saurin ruruwa, a wanke da sabulu sosai. Shi ma rai gare shi, taka shi na kashe shi. Kada yara su ɗauki katantanwa mai siffar mazurari, wasu na da dafi mai kisa.

Malam Sunusi: Allah ya saka wa kowa. Alhaji, ga abin da ya shafi ibada. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Don haka ƙaguwa da jatan lande da duk abin da za a gasa muku a tsibiri ya halatta a mazhabarmu. Alƙibla ce za ta ba ka mamaki. Mu nan gabas muke kallo, amma Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe, can arewa ake fuskanta. Azahar za ta same ku a wurin abincin rana, ku yi ta a kan yashi da ƙafa a ƙasa, ya fi a jirgi mai tangaɗi. La'asar kuma a tsara a dawo da ita gari. In ka yi niyyar kwana huɗu cikakku a wurin, babu ƙasaru.

Hajiya Binta Nas: Allah gafarta Malam, a ƙara da wannan: halal ne amma ban da naman kififiyar teku ko da an ba su kyauta. Doka ta hana kama ta, kuma namanta kan zo da guba da dafuwa ba ta kashewa. A Maris 2024 mutum tara suka rasu a Pemba bayan sun ci, takwas yara ne. Wanda bai taɓa cin jatan lande ba kuma ya fara da kaɗan, a riƙe maganin borin jini a jaka.

Malam Sunusi: Haka ne, Hajiya. Abin da zai cutar ai an hana shi ta wata ƙofar.

Alhaji Sabo Mai Riɗi: Madalla. Na fahimci Fumba da Kwale, shata, ranar da ruwa zai janye da hantsi. Saura takardu da ciniki.

Nura Injiniya: Biza ka nema da wuri ta intanet, don mai fasfon Najeriya sai an tantance takardunsa kafin ya taso, ba a ba shi a filin jirgi. Katin rigakafin shawara na kowa da kowa, har yara. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorarta ta shiga, dala 44 ga babba, ana biya ta intanet. Kada ku zuba kaya a leda, Tanzaniya ta haramta ta tun Yunin 2019.

Wajen ciniki, a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: mota zuwa Fumba da dawowa, kuɗin shiga yankin da aka keɓe, abinci, ruwan sha, kayan iyo, da sunayen wuraren da za a tsaya. Kuɗin shigar nan ne ake yawan ɓoyewa sai an kai bakin ruwa. Ka ba da kafin alƙalami kaɗan, ciko sai an dawo, kuma ku yi yarjejeniya cewa in iska ta tashi za a ɗaga zuwa wata rana ba tare da asara ba. Saboda haka kada ka sa yawon a ranarka ta ƙarshe. Agogonsu na gaban namu da awa biyu, sannan a harshensu ƙirgen awa daga fitowar rana yake farawa, abin da matuƙi zai kira ƙarfe biyu shi ne takwas na safe. Ka sa ya nuna maka lokacin a fuskar waya.

Kawu Ilu Masunci: Ka kuma gaya wa matuƙin tun a gaɓa cewa ƙarfe huɗu ta yi muku a hanyar dawowa. Sannan ka bar wa mai masaukinku sunan jirgin da lambar wayar matuƙin kafin ku tashi.